Ƙwallon Fiya a Tagar Tijuana

Litinin, 4 ga Maris

Shekara biyu ke nan da aka tasa ƙeyar mijina Fidencio daga San Diego saboda fitilar mota da ta mutu da rashin takardar zama. An hana shi komawa sai bayan shekara goma. Ni mai takardar ce na tattaro na biyo shi Tijuana a ƙasarsu, kullum ina tsallaka iyaka zuwa aiki. Layin iyakar yau warin fitsari da hayaƙi.

Asabar, 9 ga Maris

Na ga Lauya Barragán. Wai ana yafe haramcin, amma sai na nuna rayuwata ta lalace. Kewar miji ba hujja ba ce, kowa na kewa. Ya ƙare min kallo ya ce, "Señora, kin yi ƙiba. Ba zai taimake mu ba." Yana faɗa yana sakace haƙori da katin sunansa. Tir.

Lahadi, 17 ga Maris

Surukata Doña Eduviges ta soka wa ƙwallon fiya tsinke uku ta ɗora a bakin kofin ruwa a tagata. Na tambayi yaushe zai yi 'ya'ya. "Na ƙwallo? Shekara goma, 'yata, in ya ga dama." Na ce ta kwashe abinta, ba za mu kai haka a nan ba. Ko kallona ba ta yi ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Lauya ya sa na goge hotunan bikin baftismar ɗan maƙwabta, wai ina rawa a ciki. Na goge. Na ji ƙyamar kaina fiye da tasa.

Talata, 2 ga Afrilu

Lauya zai tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa ranar 27, ya rubuta cewa na kusa zarewa. Ya koya min abin faɗa: ba na barci, ba na ci, unguwar na ba ni tsoro. Wace unguwar? Wadda mai gurasar tortilla ke ajiye min masu zafi ko na makara?

Fidencio ya ce, "'Yar lukutata, ki yanka albasa kafin ki shiga." Na jefe shi da takalmi. Ya yi dariya, can kuma ya ce a hankali, "Kar ki haukace don ni, ko da wasa." Da na ce ai don mu koma gida San Diego ne, sai ya ci gaba da shimfiɗa tayil ɗin kicin. Shuɗi ya zaɓa, kalar da nake so. Munafuki.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na gwada kukan a gaban madubi, bai zo ba. Ƙwallon banzan nan ya tsage, ya fid da saiwa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ban je wurin likitan ba. Kaina ne ke ciwo, shi ke nan. Lauya ya yi ta kira, wayar na ɗaki.

Kofin ya yi wa ƙwallon kaɗan, kuma ina bukatar kofina, shi ya sa kawai na haƙa rami a bayan gida. Doña Eduviges ta leƙo ta ce, "Ya yi kusa da katanga, in ya girma zai fasa ta." Na ce ina ruwana.

Da ta tafi na matsar da ramin zuwa tsakiyar fili.