Notocin Kan Ƙyaure

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na haƙar rijiya. Tunda ka ce waya ba ta kamawa a dajin da kuke, zan riƙa ba direban motar kayanku wasiƙa duk ranar da ya shigo gari.

Ka ce in ba ka labarin Akuya. Wata ƙawata ta tambaye ni me ya sa muke kiran tsohuwar motar Baba, jif ɗin nan, da wannan suna, na ce mata don babu dutsen da ba ta hau ba lokacin da Baba yake tuƙa masu safiyo. Har yanzu tana tsakar gida a kan bulo huɗu. Manyan tayoyi da sababbin sifirin da ka aiko sun iso. Kawu ya yi mata waldar matakala a ƙofar gaba saboda gwiwar Baba. Mama ta ɗinka rigunan kujeru da tsohon labulen falo. Kajin da suka yi shekara tara suna ƙwai a kujerar baya ne kawai ba su ji daɗin aikin ba.

Mantuwar Baba tana nan. Shekaranjiya ya nemi hularsa har bayan gida alhali tana kansa. Amma da zarar ya riƙe sifana, sai ka ce ba shi ba. Likita ma ya ce a bar shi da aikin da hannunsa ya sani. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya ce in ka zo hutu shi zai tuƙa mu gonarsa ta bayan dutse, inda ƙaramar mota ba ta zuwa, ya ga itatuwan da ya dasa.

Ni kaɗai ce ba ni da aiki, sai riƙe tocila. To jiya Mama ta kai Baba asibiti gwaji, za su kwana biyu. Ka san tsohon ƙyauren nan da ya ɗora a kan durom biyu yake zuba notoci a kai? Duk sun yi baƙi, a warwatse, wani nan wani can. Na kwashe su, na wanke da kananzir da tsohon buroshi, na ware manya daban, ƙanana daban, a gwangwanayen madara shida. Har ƙyauren na goge. Ina so in ya dawo ya ga ni ma na iya wani abu.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na gode. Ki gaida Mama da Kawu da kajin da aka kora.

Yanzu ki saurare ni, 'yar boko. Notocin nan ba a warwatse suke ba. Ƙyauren nan shi ne hoton injin. Notin gaban inji yana gefen hagu, na bayan inji yana dama, kowanne a daidai inda raminsa yake. Haka Baba yake aiki tun ina ƙarami, bai taɓa rubuta komai ba. Kuma shekara talatin yana yi wa motar nan dabara. Ramin da ya lalace ya sake yanka shi, ya sa notin wata motar. Babu littafin da ya san wannan, sai kansa da ƙyauren nan. Za ki ga guda biyu kamar tagwaye, amma ɗaya ya fi ɗayan tsawo da rabin farce. In aka ɗaure dogon a gajeren rami, ƙarfen sai ya tsage.

Ba faɗa nake miki ba. Ni ma na taɓa share ƙyauren nan ina ɗan shekara takwas, kunnena na hagu har yau bai manta ba. Amma lokacin kansa garau yake, cikin awa ɗaya ya mayar da komai.

Da ya shigo gida ki faɗa masa, tun kafin ya taɓa komai. Kar ki tsaya wannan sunkuyar da kai naki.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Wasiƙarka ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Ta makara, Yaya.

Ranar da suka dawo, Baba ko ruwa bai sha ba ya wuce wajen Akuya. Ina laɓe a ƙofar kicin ina jiran yabo. Ya tsaya gaban ƙyauren ya daɗe. Ya shafa shi da tafin hannu. Ya ɗauki gwangwani ɗaya ya leƙa, ya ajiye. Sai ya juya ya ce wa Mama, "Yaushe na yi wannan?"

Mama ta ce ba ta sani ba, ai tare suke a asibiti.

Ya ce, "To kafin mu tafi ke nan. Kin gani ko? Ni da hannuna. Abin har ya kai nan."

Ya zauna a kan taya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma maganar ta ƙi fitowa. Na ce a raina zan faɗa bayan an ci abinci. Sannan na ce gobe. Yau kwana goma.

Kawu ya zo ya ce wa Baba, "Haba Yaya, noti ai noti ne, kawo nan." Ya ɗaura uku lafiya, na huɗun ya ce ƙas, murfin da ke gaban injin ya tsage. Kawu ya ce zai liƙe da walda. Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Ƙanena, bar shi. Mai gyaran ne ya lalace, ba motar ba."

Tun daga nan bai sake riƙe sifana ba. Yana zama a falo yana kallon bango. Mantuwar ta ƙaru sosai. Jiya ya tambayi Mama ko ka dawo daga makaranta. Likita ya ce ciwon haka yake tafiya, amma ni na san ranar da ya soma gudu.

Na gwada gyarawa. Bayan makaranta nakan rufe ido in tuna yadda suke, in jera su a ƙyauren. Ina tuna wani mai jan fenti yana can kusurwa. Shi kaɗai. Saura saba'in da uku. A aji malamar lissafi ta kira ni sau biyu ban ji ba.

Don Allah ka zo. Kai ka taɓa ganin yadda yake jera su.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki sau uku a bayan injin haƙa.

Na nemi hutu, shugabanmu ya ce sai mun sami ruwa, kuma mita tamanin muka yi ƙasa dutse kawai muke ci. Ko na zo ma, gaskiya ban san jerin ba. Ina kallo ne kawai, kamar ke, ina riƙe tocila. Na yi ta zana injin a takarda, na kasa wuce noti goma.

Motar ba ita ce damuwata ba yanzu. Ko ba ta sake tashi ba, ta yi aikinta. Amma Baba yana zaune yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ke kaɗai kuma za ki iya sauke masa. Ba zai ci ki ba. In kunya ta hana ki kallon fuskarsa, ki kalli takalminsa ki faɗa. Ni haka nake yi.

Kuma ki ci abinci. Na san halinki.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kun sami ruwa.

Na faɗa masa. Ranar Asabar da hantsi na kai masa shayi, na durƙusa, na kalli takalminsa yadda ka ce. Na ce, "Baba, ni ce na kwashe notocin. Ni na wanke su. Ba kai ba ne."

Ya ajiye kofin shayin. Sai ya ce, "Ke?" Na ce ni. Ya ce, "Ba ni ba?" Na ce ba kai ba.

Yaya, dariya ya yi. Har da buga ƙafa. Ya ƙwala wa Mama kira, "Zo ki ji ɓarauniyar! Ashe kaina da sauransa!" Ya ja kunnena kaɗan, ya ce duk 'ya'yansa tsabta ce take kashe su. Ya tashi da kansa ya fita tsakar gida, ya ce in juye gwangwanayen. Yana ɗaukar noti ya murza a yatsa, ya ce, "Wannan na motar asibiti ne, nan yake." Kafin azahar ya jera goma sha tara. Mama tana tsaye da ludayi a hannu tana share ido. Na ce shi ke nan, mun tsira.

Washegari ya fito, ya tsaya gaban ƙyauren, ya ga goma sha tara a jere, sauran a tare gefe guda. Ya juya ya ce wa Mama, "Yaushe na yi wannan ɓarnar?" Ya nemi taya ya zauna, ya cire hula.

Na sake durƙusawa na faɗa masa. Ya sake cewa, "Ke? Ba ni ba?" Ya sake dariya, ya sake jan kunnena. Ya jera shida, amma ya ɗauke huɗu daga na jiya ya ce ba wurinsu ba ne. Ban san wanne ne daidai ba, na jiya ko na yau. Kawu ma bai sani ba. Yanzu ina zana kowanne da alli, ina rubuta rana, amma zanen sai cin karo yake da juna.

Mama ta ce in daina wahalar da kaina, in mayar da hankali ga jarrabawa. Amma in ban faɗa ba, ranar a falo yake wuni.

Ka gafarce ni da tsawon wasiƙa.
Ƙanwarka, Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Direba yana jira, ba zan tsawaita ba.

Kaza ɗaya ta koma kujerar baya. Ba mu kore ta ba.

Yanzu nakan tashi da wuri in riga shi zuwa wajen ƙyauren, don kar ya kai ga cire hula. Yau ma na faɗa masa kafin in tafi makaranta. Karo na goma sha shida ke nan. Ya yi dariya, ya yafe mini, ya ce in ka zo shi zai tuƙa.

Na ce to, Baba.

Auta