Ku Mayar da Ni Alba, a Zaune ko a Kwance

Ni ne Eufronio Dimaculangan, mahaifinku. Ina rubuta wannan a gidanmu na Mabini, cikin hankalina da tunanina. Da gangan na fara da haka, domin na ji ɗana Gaudencio yana gaya wa maƙwabta wai tsufa ya fara taɓa min kai, shi ya sa ba ni da zance sai Italiya. Kaina lafiya lau. Hanjina ne ba lafiya, likita kuma bai ɓoye min ba: ciwon ya wuce a yi masa aiki, yanzu zan iya hawa jirgi, amma ba zai yi min alkawarin haka nan gaba ba.

Ziyara na zo, ku riƙe wannan. Bikin waliyyin garinmu na zo, da akwati ɗaya da tikitin komawa. Ciwo ya kayar da ni, ke kuma Perlita, babbar 'yata, kika ɗauke fasfo ɗina kika ɓoye. Ga abin da na bari, da abin da nake so.

Na ɗaya. Gidan nan na Perlita ne. Ke kika tsaya a kan magina lokacin da ni da mahaifiyarku Consolacion muke garin Alba na Italiya, ita tana goge gidajen mutane, ni ina yanke rassan inabi har yatsuna suka karkace. Kun yi baranda mai dutsen marmara da ba wanda yake zama a kanta saboda rana, amma ba komai, taki ce.

Na biyu. Kwalaben ruwan inabin da ke falo na bar wa Luzviminda, matar Gaudencio, ta yi girki da su.

Kowace shekara, cikin babban kwalin da muke aiko muku da sabulu da cakulan, nakan naɗe kwalba ɗaya a cikin tawul, daga gonar tsoho Ottavio inda na yi aiki. Ni na tsinki inabin, ni na wanke gangunan. Ba abin da ban faɗa a waya ba: ku kwantar da ita, a wuri mai sanyi, a cikin duhu, wata rana zan zo mu sha tare. Da na shigo falo, sai ga su sun jeru ƙiƙam a tsaye cikin kabad ɗin gilashi, suna kallon taga, har da ƙananan fitilu da Gaudencio ya sa musu. Na tambaye shi, ya ce, “Haba Tatay, wa zai kwantar da kayan Italiya kamar buhun shinkafa? Ai sai a tsaye ake ganin rubutun.”

Kwalbar da ke tsaye, abin toshe bakinta bushewa yake yi, iska ta shiga. Na buɗe ɗaya bayan ɗaya, har da ta shekarar da mahaifiyarku ta rasu. Duk sun zama ruwan tsami. Luzviminda ta ɗanɗana, ta lashe baki, ta ce, “Wannan ai ya fi na kasuwa, Tatay, ku ba ni in dafa muku naman adobo da shi.” To, na ba ki.

Sauran kwalba ɗaya mai rai da na zo da ita a akwatina, ita na fito da ita ranar biki. Kafin in ɗauko kofuna, Gaudencio ya fara zagayawa da ita a kofi guda, ya cika shi da ƙanƙara, kowa ya kurɓe ya miƙa wa na kusa, yadda muke shan barasar kwakwa. Ɗan ƙanena ya goge baki ya ce, “Ba ta ko ƙona maƙogwaro. Anya Turawan nan ba su cuce ku ba?” Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma ranar na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba ko a layin sabunta takardar zama a Italiya.

Na san ba mugunta ba ce, girmamawa ce. Kuma abin da kuka yi wa kwalaben shi kuke yi min. Kun ajiye ni a babbar kujera a falo, kun sa min farar riga, maƙwabta suna shigowa suna kallon tsohon da ya dawo daga Turai. Ni kuwa kullum ƙara tsami nake yi, ina jin abina.

Kewa nake yi, ba zan ji kunyar faɗa ba. Ina kewar hazon da ke kwanciya tsakanin tuddai da safe, da ƙanshin ɗakin ƙasa na Ottavio, da yadda mu biyu za mu zauna da kofi ɗaya ɗaya har yamma ba wanda ya ce uffan. A nan ba a barin mutum ya yi shiru. In ba zakara ba, to na'urar waƙar maƙwabci, in ba ita ba, wani ya leƙo ya ce ko na ci abinci. Ban ce can aljanna ba ce. Har yau ba su iya faɗin sunana daidai ba, sanyi kuma ya cinye min gwiwoyi. Amma can na zama wanda nake.

Na uku. Gonar kwakwa ta bakin teku ta Gaudencio ce. Masu gina masaukin 'yan yawon buɗe ido za su zo maka da murmushi. Kada ka sayar. Kai mutum ne mai son a yabe ka, su kuma sun iya yabo.

Na huɗu. Ba wanda yake bina kuɗi, amma Ottavio yana bina alkawari. Na ce masa zan dawo kafin tsinkar inabi, ya ce, “Fronio, in ka makara zan ba wani layinka na inabi, sai ka zo ka yi ta kuka.” Chiara, autata, ke da aka haifa a can kuma kike can, in ban iso ba, ki je ki tsinke layin nan a madadina. Almakashina na yankan rassa naki ne. Kwalaben da na kwantar a ɗakin ƙasansa ma naki ne, da sharaɗin kada ki buɗe ko ɗaya sai yayyenki biyu suna zaune a teburin. In Gaudencio ya nemi ƙanƙara, ki ba shi, ki kau da kai.

Na biyar. Rigimar da ke tsakaninku ta ƙare. Chiara, na ji abin da kika faɗa wa yayarki Perlita a waya, da kika kira ta mai gadin kurkuku. Ki janye. Ke mahaifiyarku ta tsefe miki kai da hannunta har kika girma. Perlita da Gaudencio muryarta kawai suka samu a waya, a gidan kakarku, ranar Lahadi. Ki kira Perlita Ate, kamar yadda ƙanwa take kiran yayarta a garin nan, ko da harshenki zai karye. Kai kuma Gaudencio, ka daina ce wa Chiara Baturiya. Uwarku ɗaya, ubanku ɗaya, ba ita ta zaɓi inda za a haife ta ba.

Na shida, kuma shi ne dalilin rubutun. Na ga kabarin da kuka gina min a makabartar coci. Ya yi kyau, har da rufi. Ba zan kwanta a ciki ba. Consolacion tana kan tudu a Alba, akwai wuri a gefenta, na yi mata alkawarinsa tun tana ji.

Perlita, ban manta abin da kika faɗa min ba ranar da na tambaye ki fasfo ɗina. Kina yanka albasa, ba ki ko ɗago ba, kika ce, “Tatay, kun ba Italiya ƙuruciyarku, kun ba ta mahaifiyarmu. Ku bar mana ko da gawar ce mana.” Maganar nan tana cina har yanzu. Ba zan ce miki na yi nadamar tafiya ba, don ƙarya zan yi, ke kuma kin fi ƙarfin a yi miki ƙarya. Abin da zan ce shi ne, kabarin mahaifiyarki a hoto kawai kika san shi. Ki raka ni. Ku duka uku ku tsaya a wuri ɗaya, abin da ban taɓa gani da idona ba.

Na san inda fasfo ɗin yake. Yana ƙarƙashin tukunyar shinkafa, cikin leda. Na gan shi, ban taɓa shi ba, don ba zan fita daga gidan 'yata kamar ɓarawo ba. Da hannunki nake so ki kawo min.

Tafiya kam zan yi, na gaya wa Fadan cocinmu, na gaya wa Chiara. Abin da ya rage a hannunki shi ne yadda zan tafi. Ko dai in zauna a kujera kusa da taga, kina gefena, in nuna miki tuddan idan jirgi ya fara sauka, ko kuma a sa gawata a ƙasan jirgi tare da akwatunan mutane. In kika ja lokaci, ciwon zai zaɓa miki.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da jikokinku. Ya tsare Gaudencio daga masu daɗin baki, ya sassauta harshen Chiara. Ku riƙe juna, don bayan ni ba sauran wanda zai riƙa kai wa wannan labarin wancan. Ke kuma Perlita, albarkata tana kanki ko kin kawo ko ba ki kawo ba, ba ciniki nake yi da ke ba. Amma na riga na sa takalmana, ina falo, a kujerar da kuka ajiye ni.

Mahaifinku,
Eufronio Dimaculangan