Ayun Yumɓu

Ƙanena Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Warra lafiya.

Jikokina sun ce ayu, babbar dabbar ruwan nan, tatsuniya ce, don tun da ruwa ya ci gungunmu, tsibirin da munka tashi, ba su ga ko ɗaya ba. Na rantse sai na gina musu shi da yumɓu. Sau bakwai ina yi, kan yana rinjayar jikin. Jiya jikata Hadiza ta ce, "Kaka, ai tarwaɗa ce."

Garba, siffarsa tana ɓace mini, kuma mu biyu munka rage da munka taɓa shi. Don Allah kansa taƙi nawa, jikinsa kamu nawa?

Gaida mutanen gida. Ku yi mini addu'a idona ya kai zuwan amsarka.

Yayanka, Mamman