Ƙusoshin Zaurenmu da Wuƙar da Alhaji Ya Ƙi Sayarwa

Zuwa ga Alhaji Yakubu, mai shagon kayan kafintoci da magina na bakin titin kasuwa, Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan iyali lafiya, ciniki yana tafiya, gwiwar nan da na ga kana dafawa ta yi sauƙi. Ni ne Baba Tanko na Nyohini, tsohon da ya zo shagonka makon jiya ya ƙi tafiya har aka kira la'asar. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Surukata Azara ce ke riƙe da biro, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Na ce a liƙa takardar a ƙofar masallaci, a kuma sa a wayar 'yan unguwa, don zancen ba na ɓoye ba ne.

A shekarar da motocin ƙasar nan suka bar hannun hagu suka koma dama, har tsofaffi suka rasa ta ina za su duba kafin su tsallaka titi, a shekarar aka buga ƙusa ta ƙarshe a zaurenmu. Ina tsaye a wurin, ko gemu ban tsira ba.

Mahaifina mai saukar baƙi ne: fataken goro, masu shanu daga arewa, masu sayar da saƙi daga ƙasar Mosi. A jikin bangon zaure akwai dogon katakon maɗaci mai kauri. Baƙon da ya zo sau ɗaya, a ƙasa yake ajiye jakarsa. Wanda ya dawo karo na uku, sai mahaifin nawa ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙusar rataya jaka, shi baƙon ya buga da hannunsa. Daga ranar ta zama tasa. Ko ya yi shekara biyar bai leƙo ba, ba mai rataya ko hula a kanta. Ba a rubuta suna ko ɗaya ba. Duk a kaina suke, kuma kan bai tsufa ba tukuna.

Daminar bana bangon zauren ya tsage, yara suka ce za su sake shi da bulo, katakon kuma a yi ƙofa da shi. Kafintanmu Fuseini, Badagombe mai haƙuri, ya ce ba a goge katako da ƙusa a jiki. Na ce to a bar bangon ya faɗo mini. Aka yi ta jan magana har muka tsaya a kan abu guda: a cire kowace ƙusa da kanta da wuyanta, a miƙa wa jikokin mai ita.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Tsatsa da maɗaci sun zama abu ɗaya. Fuseini ya sa guduma ya ja, katako ya fara tsagewa, na riƙe masa hannu. Zarton ƙarfe ya ƙi kwanciya a jikin katako. Injin girinda mai faifan yankan ƙarfe kuwa na hana tun daga nesa, don na san yadda yake ƙona itace. Sai ya fito da wani ɗan inji mai batir wanda ba ya juyawa, karkarwa kawai yake yi kamar mai zazzaɓi. Na yi masa dariya, Allah ya sani. Ya ɗaura masa wata 'yar wuƙa mai faɗi daga kwalin da ya sa na sayo a shagonka, wadda ya ce haƙoranta na kabaid ne, mai cin ƙarfe, ya kwantar da ita a jikin katako, yana ɗan kai ta dama da hagu, yana ba ta hutu kada ta yi zafi. Ban gama dariyar ba ƙusar Bello mai shanu ta faɗo a tafin hannuna, da ɗuminta, katako ko ƙwarzane babu. Alhaji, kamar Bello ne ya miƙo mini hannu muka gaisa.

Daga ranar ƙofar gidanmu ta zama gidan biki. Jikan Bello ya zo a babur daga Kukuo, ya sa ni na maimaita masa yadda minsharin kakansa ya sa jaki ya tsinke igiya, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Wata baiwar Allah ta karɓi ta kakanta ta rangaɗa guɗa, ta ƙulle ta a bakin zane. Mai koko da ƙosai ta ga taro ta dawo da teburinta ƙofarmu. Ni da aka manta da ni a lungu, yanzu sai an yi layi kafin a gan ni. Wannan daɗi duk wuƙar shagonka ce ta jawo shi, kuma na faɗa a gaban kowa.

To ga kukana.

Na ɗaya. Wuƙar ta yi aikinta har haƙoranta suka ƙare, kamar nawa. Ba na zarginta. Amma a cikin kwalin da na saya ita kaɗai ce ta yankan ƙarfe, sauran tara duk na yankan katako ne. Da na dawo neman irinta ka ce ba ka fasa kwali, haka suke zuwa daga Accra. Alhaji, ko mai sukari yana fasa kwali. Mai ashana ma, in ka marairaice, zai ba ka tsinke. Wuƙaƙen katako tara suna kwance a ɗakina, me zan yi da su, kaciya?

Na biyu. Mai tsaron shagonka, da ya ga na ƙi tafiya, ya ce in gwada na katakon, ai duk ɗaya ne. Fuseini ya ce ba ɗaya ba ne, ni kuma na ce a gwada tunda mai shago ya faɗa. Ko ƙusa ɗaya ba ta yanke ba, haƙoran suka kwanta kamar an bi ta kansu da dutsen guga, hayaƙi ya tashi, ta bar baƙin tabo a katakon da ya girme ni. Bambancin yana rubuce a jikinsu da Turanci, in ji Azara. Mu da ba ma karatu fa? Ɗigon jan fenti a kan ta ƙarfe ba zai karya jarinka ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na nemi mai biro. A shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar nan, wani baƙonmu, Garba ɗan Katsina, ya hau mota da kayan jikinsa kawai, ya bar matarsa da ciki a Salaga. Bai dawo ba, ko labarinsa ba a sake ji ba. Cikin nan ya zama Hajiya Ladi, yau har da jikokinta. Ba ta taɓa ganin ubanta ba. Ba hoto, ba riga, ba kabarin da za ta ziyarta. Labarin ƙusoshi ya kai mata ta waya, ta kira Azara tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne akwai abin da hannun ubanta ya taɓa. Na karɓi wayar na ce mata akwai, ita ce mai lanƙwasasshen kai, don Garba bahago ne, bai iya riƙe guduma ba. Ta ce Juma'ar nan za ta shigo motar safe. Na yi mata alkawari. Ƙusar tana nan a maƙale, kuma ba zan bari a fizge ta da guduma ta karye biyu ba.

Sannan akwai wani abu da wataƙila ba ka sani ba. Kakanka na wajen uwa, Issaka mai saƙi, a zaurenmu ya fara sauka kafin ya yi gida. Ƙusarsa tana kusa da taga, shi ya zaɓi wurin don ba ya son zafi. Mutum ne mai kyauta, in ya auna saƙi sai ya ƙara taƙi. Ban san inda halin ya maƙale a hanya ba. Da gangan na bar tasa a ƙarshe.

Roƙona ba yawa. Ka fasa kwali ka sayar mini da ta ƙarfe guda biyu a farashin da ka ga ya dace, ko ka karɓi na katakon da ban taɓa ba mu yi musaya. Ka sa wa ta ƙarfe alama. In za ka sake sarowa, ka tambayi mutanen Accra ko ba a samun ta ita kaɗai, don duk mai gyaran tsohuwar ƙofa ko taga a garin nan ƙusa yake cin karo da ita.

Allah ya ƙara wa shagonka albarka, ya tsare shi daga wuta da ɓarawo da mugun bashi. Allah ya jiƙan Issaka, ya ba jikansa hannu irin nasa.

Gobe in Allah ya kai mu, da na idar da sallar asuba na sha koko, zan ɗauki hayar keken dako mai ƙafa uku, a ɗora katakon da sauran ƙusoshinsa, ni a gefe, Fuseini da injinsa a baya. A ƙofar shagonka za mu sauke. Duk wanda ya zo sayen fenti ko siminti sai ya ji labarin mai ƙusa ɗaya kafin ya shiga, kuma da kakanka zan fara. Ka zo da mabuɗi da wuri, ka kuma zo da ƙyalle mai tsabta na naɗe ƙusarku.

Wassalam.

Naka mai ƙaunarka,
Baba Tanko, Nyohini.