Surukata Za Ta Jefa Wasiƙuna a Teku

Gwaggo Mashavu, ki cece ni kafin Juma'a, don abin ya fi ƙarfina.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Wete, nan tsibirin Pemba. Tun da na ajiye aiki ba ni da wata sha'awa sai tara tsofaffin wasiƙun ma'aikatan baitulmali na zamanin sarakuna, waɗanda aka rubuta da hannu cikin ajami. Yawanci zancen harajin kanumfari ne da kuɗin fito. Akwai wadda wani akawu ke kukan rufin baitulmali na yoyo a kan buhunan kuɗin rupi, kuma an hana shi kuɗin gyara. Wallahi duk ranar da na karanta ta sai na yi dariya ni kaɗai. Matata Riziki kan ce da takarda na cin abinci, da tuni mun yi bara.

To, surukata Bi Time ta zo jinyar ƙafa gidanmu. Ranar da ta ji sauƙi ta ɗauki tsintsiya, ta jawo akwatin wasiƙun daga ƙarƙashin gadona. Ba ta iya karanta irin wannan rubutu ba, amma Bismillah ba ta ɓoye mata, kuma ga ta a saman kowace wasiƙa. Ta ce, "Sunan Allah a ƙarƙashin gado, kana minshari a kansa? Shi ya sa kajin gidan nan ba sa ƙyanƙyashewa." Kin san al'adarmu: takarda mai sunan Allah in ta tsufa, a buhu ake sa ta da dutse, a nutsar a teku. Har ta yi magana da masuncin da zai kai su bayan sallar Juma'a.

Na sunkuyar da kai na ce, Mama, ai maganar haraji ce kawai. Ta ce, "Haraji ko ba haraji ba, me aka rubuta a sama?" Riziki kuwa tana kankarar kwakwa tana dariya, wai tsakanina da uwarta babu ruwanta.

Gwaggo, ban taɓa musu da matar nan ba, kuma ina ƙaunarta. Amma in wasiƙun nan suka shiga ruwa, babu irinsu a ko'ina. Yanzu haka akwatin yana ɗakinta.

Mai Akwati, Wete

Mai Akwati, na yi dariya, amma na ji ka.

Bari in fara da wanda ba ka so: Bi Time tana da gaskiya. Ƙarƙashin gado ba wurin Bismillah ba ne, kuma ba wurin tsohuwar takarda ba ne a tsibirin da danshi ke cin ƙarfe. Da ba ta yi shara ba, da gara ta riga masuncin. Kai ma kana da taka gaskiyar. Teku ta takardar da ta gama aiki ce, waɗannan kuwa ba su gama ba.

Don haka kada ka je mata da laccar tarihi. Ba takardun take ƙi ba, wulaƙancin take ƙi. Gobe ka sayi farin ƙyalle da akwati mai kyau, kafinta ya kafa maka katako can sama, inda ake ajiye littattafan addini. Ka tafi mata da gahawa da alewa, ka ce ka yi kuskure, ka tambaye ta yadda ake naɗe su. In kunyar suruka ta riƙe maka harshe, ka roƙi limaminku ya gaya mata cewa adanawa ma girmamawa ce. Riziki kuma ta ajiye kwakwar ta sa baki, ai uwarta ce.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗaci: ka miƙa wa Bi Time makullin akwatin. Daga yanzu sai ka wanke hannu ka nemi izini kafin ka taɓa kayanka. Ka daure. Matar da ta yarda ta nemi jirgin masunci don kare layi ɗaya na wasiƙunka, ba za ta bar komai ya taɓa sauran ba.

Allah ya ƙara wa Bi Time lafiya, ya bar ku tare.

Gwaggo Mashavu