Kada a Yi wa Masinja Allura

Da sunan Allah nake farawa. Ni Dakta Mu'awiya Ubale na rubuta wannan da hannuna a gidana na Lanham da ke Amurka, cikin Nuwamban 2013, zuwa ga 'ya'yana Kamal da Rumasa'u da Fatihu. Hantata ce ta gaji, kaina garau yake. Na faɗi haka ne don kada gobe wani ya ce ciwo ne ya sa tsoho ya ɓata takarda a kan kare.

1. Gado a raba shi yadda Allah ya raba. A binne ni nan kusa da mahaifiyarku Habibatu, kada a wahalar da gawata zuwa Kano.

2. Kada wanda ya kai Masinja, tsohon karen da ke bayan gida, a yi masa allurar mutuwa. Kamal, na ga takardar asibitin dabbobi da ka manta a mota ranar da ka kai ni ganin likita. Ka cike komai, ka sa hannu, kwanan wata kawai ka bari, kana jiran tawa ranar ta zo. Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Kun san na taɓa aiki a Alaska, amma ba ku san rabin labarin ba. A 1984 aka tura ni wani ƙauye a bakin kogi, inda babu hanyar mota. Jirgi yana ajiye wasiƙu a wani gari mai nisan kwana biyu, daga can wata mata mai suna Olive take ɗauko namu a kan amalanke marar taya, karnuka tara suna ja a kan ƙanƙara. Ni kuwa ɗan Kano mai tsarki, sai na kafa mata ƙusa a waje, na ce ta riƙa rataya nawa a nan. Kowace ambulan sai na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, har tawada ta zuba. Hunturu biyu matar nan tana tsayawa a ƙofata, gashin idonta ya daskare, ban taɓa cewa ta shigo ta sha shayi ba.

Na baro gida Inna tana fushi da ni, don ba da yardarta na taho ba. Shekara biyar ko gaisuwata ba ta amsawa. A Janairun 1986 aka yi iska mai tsanani, kowa ya ce wa Olive ta dakata. Ta ga wani ɗan ƙunshi mai kan sarkin Najeriya, ta girgiza shi ta gane kaset ne, ta cusa shi cikin rigarta ta ciki don kada sanyi ya tsinke zaren, ta kama hanya. Kwana huɗu ta yi. Ta iso da karnuka takwas, ɗaya ya mutu a hanya, kuma ni da hannuna na yanke mata yatsu biyu da suka yi baƙi. Muryar Inna ce a kaset ɗin, tana cewa ta yafe mini duniya da lahira. Daga baya na ji ta rasu tun kafin ya iso.

Masinja jinin karnukan nan ne. Olive ta ba ni shi yana ɗan kwikwiyo a 2001, da na je duba ta a ciwon ajalinta. Shi ne kuke kira ƙazantar Baba.

3. Kamal, kai za ka riƙe shi, ba Rumasa'u ba, ko da ta roƙa. Kada a sayar da gidan nan yana da rai, don bai san ko'ina ba sai nan. Ka taso daga Annandale ka ba shi abinci da hannunka. Kana cewa najasa ne; bai taɓa taka cikin ɗaki ba, kuma ruwan wanke hannu bai ƙare a Amurka ba. Da zafi a kunna masa fanka, jikinsa ba na yankin nan ba ne. Ban ɗora maka don na tsane ka ba. Halinka nawa ne sak, ni kuma sai da wata ta rasa yatsu kafin na yi hankali.

4. Kaset ɗin yana cikin akwatin Habibatu, na ba Rumasa'u. Ku zauna ku uku ku saurara, a fassara wa Fatihu abin da ya wuce shi. Ke Rumasa'u, na san tun Sallah ba kya ɗaga wayar yayanki saboda maganar karen nan. Kin yi gaskiya, amma ya isa haka, ki kira shi.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe juna, ku riƙa haɗuwa a gidan nan duk Lahadi, don a ƙasar nan ba ku da kowa sai ku. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ranar da za a fita da ni, Masinja zai yi kuka, kuma kukan irinsu dogo ne. Mutane za su cika gidan, za ku ji kunya. Kada wanda ya tsawata masa, ku bar shi ya yi.