Ba Rijiya Ba Ce

Daren Alhamis, Vénissieux

Yanzu na dawo daga Paris, ƙafafuna sai zogi suke, amma barci ya ƙi zuwa. Yau na gyara wa Farfesa kuskure a gaban jama'a! Tsohon da ya yi shekara arba'in yana rubuta tarihin cinikin fatu, wanda nake ta addu'a ya yarda ya duba aikina.

A aji ya haska mana wani tsohon hoton Damagaram a bango, ya ce wannan rijiya ce, haka ya rubuta a littafinsa tun ba a haife ni ba. A gidanmu ba a mayar wa babba magana. Amma bakina ya riga ni: "Gafara Malam, ramin jimar fata ne. Ga tulin bagaruwa nan a gefe."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina.

Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya kwashe da dariya, ya zaro fensir ya soke layin a littafin nasa.

"Wa ya koya miki?"

"Babana. Majemi ne."

"Rubuta mini sunansa, zai shiga sabon bugu."

Ni da nake ɓoye sana'ar Baba a lakwal, kada 'yan makaranta su sani, saboda wari! Gobe zan kira Baba. Ban san da wanne zan fara ba, albishir ko neman gafara.